Ƙasar da ke sayar da tudu

Babu wata rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, babu kuma wani biro a Yamai, inda rana za ta faɗi ba a hura gawayi an ɗora butar shayi ba. Mu sha na fari mai ɗaci, mu sha na biyu, mu zauna jiran na uku. Amma in ka tara mutum goma cikinmu ka tambaye su kamannin itacen shayi, da wuya ka samu guda da ya taɓa ganinsa tsaye a gona. Dalili kuwa itacen ba ya son ƙasarmu. Abin da yake so shi ne ƙasa mai tsami, da sanyin tudu, da ruwan sama da ya haura milimita 1,200 a shekara, wato fiye da abin da Maraɗi kan samu cikin damina biyu, kuma ruwan da ba ya ɗaukewa wata da watanni. Koren ganyen da muke dafawa a fada daga ƙasar Sin yake zuwa. Baƙin kuwa, na cikin ƴar jakar takarda mai zare wadda mai shayi ke tsomawa cikin ruwan zafi da madara, mafi yawansa gauraye ne na ganyen ƙasashe dabam-dabam, kuma gabashin Afirka na da babban rabo a ciki.

A wannan mako can za mu nufa, ƙasar Ruwanda, kuma bisa keke. Na san akwai masu murmushi. A wurinmu ma'aikacin da aka gani bisa keke, sai a ce albashi ya ƙi zuwa ko kuwa bashi ya ci babur. To amma a yammacin Ruwanda akwai mutanen da ke biyan kuɗin jirgi daga Turai da Amurka, su zo musamman domin su yi kwanaki suna tuƙa keke cikin tuddai da gonakin shayi, har cinyoyinsu su yi tsami. Abin da ya sa batun ya cancanci shafin ƴan kasuwa da ma'aikata shi ne wannan: Ruwanda ƙasa ce da ba ta da teku kamar tamu, ba ta da fili, abin da Allah ya ba ta da yawa shi ne tudu, ta kuwa mayar da shi haja. Tana sayar da shi cikin ganyen shayi, tana sayar da shi ga baƙi masu yawon buɗe ido, ta kuma sayar da shi ga masu tseren keke. Tambayar da ta rage ita ce aljihun wa kuɗin ke shiga, kuma mai keke ya fi mai mota damar ganin amsar, domin shi ba ya wuce komi da gudu.

Ƙasar duka murabba'in kilomita 26,338 ce, ba ta kai jihar Maraɗi girma ba, amma ƙidayar 2022 ta samu mutum sama da miliyan 13 cikinta. Babban birninta, Kigali, yana wajen mita 1,500 bisa teku, alhali Yamai ba ta wuce 200 da kaɗan ba. A yammacin ƙasar akwai wani dogon ƙashin baya na tuddai da ke raba ruwa biyu: ɗigon da ya faɗi gabas da shi ya kama hanyar kogin Nilu har Masar, wanda ya faɗi yamma ya gangara tafkin Kivu, daga nan ya shiga kogin Kwango. Daga nan aka samo sunan hanyar da gwamnati ta buɗe wa matafiya a 2011, wato turbar Kwango da Nilu. Tsawonta kilomita 227 ne, daga garin Rubavu a arewacin tafkin zuwa Rusizi a kudancinsa. Mai tafiya ƙasa yakan yi kwana goma, mai keke wajen biyar.

Kilomita 227 cikin kwana biyar, in a Nijar ne abin dariya ne. Ɗan kasuwar ƙauye da ke kai kaji daga Madarunfa zuwa Maraɗi zai ce wannan ai yawon shan iska ne. To amma kilomita suna suka tara. Ba a ƙirƙiri turbar sabuwa ba, tsofaffin hanyoyin ƙauye ne na jar ƙasa da duwatsu aka harhaɗa, wani wurin kuma ta hau kwalta. Tafkin yana mita 1,460 bisa teku, hanyar kuma ba ta bin bakinsa a miƙe: takan hau tudu, ta gangara wani kwari inda rafi ke shiga tafki, ta sake hawa, haka tun safe har la'asar. Ga lissafin a sauƙaƙe. In hanya tana ɗagawa mita 6 cikin kowace mita 100, to bayan kilomita goma mutum ya ɗaga kansa da kekensa da kayansa, wajen kilo ɗari ke nan, har mita 600. A irin wannan hawa gudun keke ba ya wuce na mai tafiya ƙasa, shi ya sa yaran ƙauye kan bi baƙo a guje suna kiran muzungu, wato Bature, ba tare da sun yi haki ba. Gangarar ma ba hutu ba ce, domin yatsu kan gaji da matse birki, kuma in an yi ruwa jar ƙasar takan zama kamar an shafa mata sabulu.

Masu keke iri biyu ne a waɗannan tuddai, kuma sukan haɗu a hawa ɗaya. Na farko baƙo ne, da kekensa mara nauyi mai haƙora jere a baya, wanda in hawa ya yi tsanani sai ya sauya wa sarƙa wuri, fedar ta yi laushi. Na biyu ɗan ƙasa ne, da baƙin keken ƙarfe ƙirar Indiya ko Sin, irin wanda iyayenmu suka sani, gudunsa ɗaya tak, an yi wa kariyarsa walda da ƙarin ƙarafa. Bisa wannan kariya ake ɗaure buhunan dankalin Turawa, da nonnan ayaba, da garewanin madara, da gawayi, wani lokaci kayan sun ninka mai keken nauyi. Wasu kuma mutane suke ɗauka, kamar kabu-kabunmu amma da ƙarfin cinya. Sunansu a harshen ƙasar abanyonzi. In hawa ya zo, wannan bawan Allah sauka yake yi ya kafa kafaɗa ya tura. In a kwalta ne kuma babbar mota ta zo tana nishi, sai ya kama ƙarfen bayanta ta ja shi, abin da ƴan sanda suka hana, yake kuma cin rayuka. Ɗaya ya biya kuɗi domin ya hau tudun, ɗaya ana biyansa ƴan canji domin ya hau shi. Baƙon da ke da kunya yakan rage yawan kukan gajiya bayan ya wuce irin wannan mutum sau biyu ko uku.

Shayi na farko da matafiyi zai gani yana kusa da mafarin hanya. Ƴan kilomitoci gabas da Rubavu, cikin kwarin kogin Sebeya, akwai gonaki da masana'antar Pfunda. Wanda bai taɓa gani ba zai zaci darduma ce kore aka shimfiɗa, aka bi ta da almakashi. Gaskiyar magana itace ne wanda in an ƙyale shi zai fi ɗaki tsawo. Datse shi ake yi a kai a kai domin ya tsaya daidai ƙugu, samansa ya baje kamar tebur. Daga dashe zuwa tsinkar farko ana jiran wajen shekara uku, daga nan kuma itacen ya yi ta bayarwa shekara hamsin ko fiye, har ya ga jikokin wanda ya dasa shi. Ba kowane ganye ake tsinka ba, sai toho da ganye biyu na ƙarƙashinsa. Bayan mako guda zuwa biyu wani tohon ya fito, a sake zagayowa. Saboda haka aikin shayi ba shi da kaka irin ta gero ko gyaɗa, wadda ake samun kuɗi sau ɗaya a yi ta ja har baɗi. Kusan duk shekara ana tsinka, ana awo, ana biya. Ga iyalin da gonarsu ba ta kai rabin eka biyu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Turawan Beljik, waɗanda suka riƙe ƙasar bayan Jamusawa, su suka shigo da noman a shekarun 1950. Da farko an fi dasa shi a fadamun da aka janye wa ruwa, daga baya aka hau da shi tuddai, aka kuma gane cewa na tudu ya fi. Dalilin a fili yake. Duk mita dubu da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri shida. Cikin sanyi toho ba ya gaggawar girma, sai ya tara ƙamshi da launi. Wasu gonakin Ruwanda sun haura mita 2,000, wato suna kafaɗa da kafaɗa da ƙololuwar Bagazam ta ƙasar Abzin, wadda da mita 2,022 ita ce wuri mafi tsawo a Nijar duka. Hawan nan da ke sa baƙo haki, shi ne ke sa masu ɗanɗanon shayi su ƙara tayi.

Ɗanyen ganye ba ya jira. Da an tsinke shi ya fara ɗumi cikin kwando, in ya wuni a danne ya lalace. Shi ya sa mai keke ke ta cin karo da ƴan rumfuna a bakin hanya, da sikeli rataye, mata sun jeru da kwanduna, malamin awo yana rubutu, mota na jira. A masana'anta ana baza ganyen ya yi yaushi, sa'an nan a tura shi cikin wasu ƙarafa masu haƙora da ke murƙushe shi, su yayyaga shi, su dunƙule shi ƙanana. A bar shi ya sha iska har ya juya daga kore zuwa ja, kamar yadda goro kan yi in an fasa shi, sa'an nan a busar da shi da zafin wutar itacen turare. Nan ne kawai ya bambanta da namu na fada: itacen ɗaya ne, sai dai mutanen Sin sukan gasa nasu tun yana ɗanye domin kada ya juya.

Yanzu ƴan kasuwa su ɗauko alƙalami. Ana bukatar kilo huɗu zuwa huɗu da rabi na ɗanyen ganye kafin a samu kilo guda na busasshe. Ƙwararriyar mai tsinka takan cika kilo 30 a wuni, wato wajen kilo bakwai na busasshe. Ƴar jakar shayi guda giram biyu ce, kilo ɗaya ke nan ya cika jaka 500, aikin wunin matar nan kuma ya ba mutum 3,500 kofi ɗai-ɗai. A kasuwar gwanjon Mombasa ta ƙasar Kenya, inda ake sayar da mafi yawan shayin Ruwanda, kilonsa kan tashi wajen dalar Amurka uku, kuma wannan farashi ne mai kyau, domin shayin Gisovu da Kitabi yana cikin masu cin kuɗi mafi tsoka a wannan kasuwa. Raba dalar Amurka uku gida 500. Ganyen da ke cikin jaka guda bai kai dala ɗaya ba, dalarmu ta sefa biyar. Cikin wannan abin da bai kai dala ba ne mai gona zai ci, da mai tsinka, da masana'anta, da mai itace, da direban da ya kai kaya bakin teku. Sauran abin da mai sha ke biya, a Karachi ko Landan ko bakin tashar Tawa, rabon masu gauraya ne da masu kwali da masu suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai a yi wa mutanen Ruwanda adalci, ba su naɗe hannu ba. Ganyen yana kawo wa ƙasar sama da dalar Amurka miliyan 100 a shekara tun wajen 2022, Pakistan ce kuma babbar mai saye. A da gwamnati ke da masana'antun, ita ke yanke kuɗin ɗanyen ganye yadda ta ga dama. Cikin shekarun 2000 aka sayar da mafi yawansu ga ƴan kasuwa, daga 2012 kuma aka ɗaure kuɗin da ake biyan manomi ga farashin gwanjo, domin in kaya ya yi daraja a Mombasa shi ma ya ji a aljihunsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na Mulindi, can arewa kusa da iyakar Yuganda, nesa da turbar da muke bi. Ita ce tsohuwar masana'antar shayi ta ƙasar, a nan ne kuma ƴan tawayen FPR suka kafa hedkwatarsu lokacin yaƙin farkon shekarun 1990. A 2012 wasu gidauniyoyi biyu na Birtaniya, Wood da Gatsby, suka sayi kaso mafi girma cikinta da niyyar gyara ta su miƙa wa manoma, a watan Maris na 2022 kuma suka miƙa. Ƙananan manoma wajen 5,000, ta hanyar ƙungiyoyinsu na gama-kai, suka zama masu ita baki ɗaya. Duk wanda ya ga yadda ƙungiyoyin gama-kai na gyaɗa suka ƙare a ƙasarmu zai ce a jira a gani, kuma yana da hujja. Amma bambanci ɗaya ya cancanci a lura da shi: an yi shekara goma ana koya wa mutanen riƙon littafi da karatun farashi kafin a ba su mabuɗi.

Daga Kigali zuwa Mombasa wajen kilomita 1,700 ne, ta Kampala da Nairobi, iyaka biyu da duwan biyu. A Fabrairun 2019, da dangantaka ta yi tsami tsakanin Ruwanda da Yuganda, aka rufe babbar mashigar Gatuna, manyan motoci suka koma zagaye, ba a buɗe ta ba sai ƙarshen Janairun 2022. Ba sai na yi wa ɗan kasuwar Maraɗi ko Ƙwanni bayanin ma'anar wannan ba, shi da ya ga rufe iyakar Najeriya a 2019 da toshe gadar Gaya a 2023.

Mu koma kan sirdi. Daga Rubavu zuwa Karongi, garin da a da ake kira Kibuye, shi ne yankin da ya fi wuya, ya kuma fi kyau. Ƙasa-ƙasa kusa da ruwa kofi ne da ayaba, da wuraren wankin ƴaƴan kofi kamar na Kinunu inda matafiya da yawa ke kwana. Da magariba masunta kan fita cikin jirage uku-uku da aka haɗe da dogayen itatuwa, suna waƙa domin daidaita filafilai, su kwana da fitilu suna kamun wani ɗan kifi mai suna isambaza, wanda aka kawo irinsa daga tafkin Tanganyika a ƙarshen shekarun 1950. Tafkin ba shi da kada, ba shi da dorina. Abin tsoronsa yana can ƙasa, inda zurfinsa ya kusa mita 480: iskar gas ce mai yawa narke cikin ruwa, wadda ake zuƙowa a kusa da Karongi ana ba da wutar lantarki da ita.

Daga Karongi mai ƙarfin cinya yakan bar bakin tafki ya kama hawan da ke kai wa Gisovu, inda shayin da ya fi kowane suna yake. Wajen kilomita 30 daga garin, kafin a kai gonakin, hanyar tana ratsa tuddan Bisesero. A nan ne a watan Afrilun 1994, lokacin kisan ƙare dangi da aka yi wa ƴan Tutsi, dubun dubatar mutane suka taru suka ce ba za su miƙa wuya a yanka su ba. Makamansu duwatsu ne da masu. Mata da yara ke tara duwatsu, maza su jira maharan su matso, sa'an nan su gangaro su cakuɗe da su domin masu bindiga su rasa wanda za su harba. Wani dattijo, Aminadabu Birara, shi ya jagorance su. Sun yi makonni a haka, sai a ranar 13 ga Mayu aka kawo sojoji da mayaƙan sa-kai cikin motoci daga wurare dabam-dabam. Ana ƙiyasta mutum 50,000 ne suka mutu bisa waɗannan tuddai.

Shayi yana da hannu cikin wannan labari, kuma ba a ɓoye yake ba. Shugaban masana'antar Gisovu na lokacin, Alfred Musema, kotun duniya da ta zauna a Arusha ta same shi da laifin kisan ƙare dangi a Janairun 2000, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Cikin abin da aka tabbatar akwai cewa ya kai hare-hare Bisesero tare da ma'aikatan masana'antar, cikin motocinta. Motocin da aka saya domin kwasar ɗanyen ganye ke nan. Wannan yanki kuma, daga Kibuye zuwa Cyangugu da Gikongoro, shi ne wanda rundunar Turquoise ta Faransa ta riƙe daga ƙarshen Yunin 1994, rundunar da wasu ƙasashen Afirka suka ba gudummawar sojoji, har da wani ƙaramin rukuni daga Nijar. Sojojin Faransa sun haɗu da sauran mutanen Bisesero ranar 27 ga Yuni, suka tafi, ba su dawo ba sai ranar 30. Cikin kwanaki ukun nan an kashe ɗaruruwa, waɗanda aka ceto kuma wajen 800 ne. Kwamitin masana tarihi da shugaban Faransa ya naɗa ya ce a rahotonsa na 2021 ƙasar tana da babban alhaki cikin abin da ya faru a Ruwanda. Akwai gidan tunawa bisa tudun, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2023. Mai mota yana iya ɗaga gilashi ya wuce cikin minti biyu. Mai keke kuwa a wannan hawa yana tafiyar hawainiya ne, yana gaisawa da duk wanda ya tarar, kuma duk mai shekara arba'in da ya amsa masa gaisuwa yana raye a waccan damina.

Kudu da Gisovu dajin Nyungwe ne, wajen murabba'in kilomita dubu, mai birai iri-iri, shi ma ya shiga jerin UNESCO a 2023. Gonakin shayi sun kewaye shi ta wurare da yawa, Kitabi ta gabas, Gisakura ta yamma, kuma akwai hikima cikin haka: namun daji ba su damu da ganyen shayi ba, saboda haka gonar ta zama katanga tsakanin biri da masarar talaka. A Gisakura kore mai haske yakan tsaya cak a gindin kore mai duhu, kamar an ja layi da igiya.

A nan ya kamata a kwatanta baƙo da baƙo. Babbar hajar yawon buɗe ido ta Ruwanda ita ce goggon birin tsaunukan arewa. Tun 2017 takardar izinin ganinsa na sa'a guda dalar Amurka 1,500 ce ga baƙon da ya zo daga nesa, sama da jika ɗari takwas ke nan. Kuɗi ne masu yawa, amma ta ƙofa ɗaya suke shiga, kashi goma cikin ɗari ne ake ware wa ayyukan ƙauyukan da ke kewaye da gandun. Mai keke ba ya kashe ko kusa da haka. Sai dai shi yunwa ke kama shi duk sa'a biyu, kuma inda ta kama shi nan yake ci. Ya sayi ayaba a nan, tsiren akuya da soyayyen dankali a can, kofin madara a gaba. Ya ba mai faci kuɗin gyaran taya, ya ba ɗan jagora na wuni, ya ba mai kwalekwale na ƙetare wani lungun tafki, ya kwana a masaukin coci ko na ƙungiyar manoman kofi. A ganina sefa dubu da ta watsu cikin hannu goma a ƙauye ta fi aiki bisa dubu goma da ta tsaya a teburin karɓar baƙi na babban otal. Abin da ba na so a cikin harkar shi ne ɗabi'ar wasu baƙi ta raba wa yara alewa da canji a hanya, har yaran suka koyi miƙa hannu, da kuma ta kafa wa mai tsinka na'urar hoto a fuska ba tare da sallama ba, alhali ita kowane minti da ta tsaya giram ne ya ragu a sikeli.

Haja ta uku ita ce tsere. An fara zagayen Ruwanda na keke a 1988, shekara guda bayan na Burkina Faso, ya shiga jadawalin hukumar keke ta duniya a 2009. Da yawa cikin ƴan tseren farko na ƙasar daga cikin masu dakon nan na baƙin keke aka tsamo su. Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa ƴan uwansa maza shida a 1994, ya wakilci ƙasar a wasannin Olamfik na Landan a 2012. Valens Ndayisenga ya ci zagayen a 2014, Joseph Areruya a 2017. A watan Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Tseren maza kilomita 267 ne da rabi, hawan da ke cikinsa in an tara ya kusa mita 5,500. Mutum sama da 160 suka tashi, 30 suka kai ƙarshe, Tadej Pogačar na Sulobeniya a gaba. Ɗan Afirka guda ne cikin talatin ɗin, mutumin Eritiriya. Tudun na Ruwanda ne, amma kekunan da suka cinye shi, da abincin masu su, da likitocinsu, duk daga waje suka zo.

Gasar ba ta zo lami lafiya ba. Turbar da muka biyo tana da gari a kowane kai, kowanne kuma yana kallon wani birnin Kwango: Rubavu manne take da Goma, Rusizi kuma gada ce kawai ta raba ta da Bukavu. Ƴan tawayen M23 sun kama Goma a ƙarshen Janairun 2025, suka kama Bukavu a tsakiyar Fabrairu. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce da sojojin Ruwanda cikin yaƙin, Kigali kuma ta ce matakan kare kai take ɗauka. Majalisar dokokin Tarayyar Turai ta nemi a soke gasar, ba a soke ba. Ƙasar da ke sayar da kwanciyar hankali ga baƙi, tana share tituna, ta hana ledar roba tun 2008, ita ce kuma ake zargi da hana maƙwabcinta barci. Mai tallar turbar ba zai faɗa maka wannan ba, amma daga bakin ruwa a Rubavu ana hangen rufin gidajen Goma.

Ga wanda abin ya ba sha'awa cikin masu karatu, ɗan Afirka ba ya biyan kuɗin biza domin gajeriyar ziyara a Ruwanda, kuma Faransanci yana aiki, musamman wurin manya, ko da yake tun 2008 lakwal ta koma Ingilishi. Ana samun hayar keke da ɗan jagora a Rubavu. Lokacin da ya dace shi ne Yuni zuwa Satumba, ko Janairu da Fabrairu. A guji Maris zuwa Mayu, domin damina a waɗannan tuddai ba wasa ba ce: a farkon Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe mutum sama da 130 a yamma da arewa, kogin Sebeya kuma ya shiga har cikin masana'antar Pfunda. A riƙe rigar sanyi, domin daren Gisovu ya fi hunturun Damagaram cizo. Asabar ta ƙarshen wata kuma kada a yi sammako, safiyar aikin gayya ce da suke kira umuganda, kantuna a rufe, hanyoyi shiru sai wajen tsakar rana. Kwana na ƙarshe hanyar takan ratsa Nyamasheke ta gangaro, gonakin Shagasha na can bisa tuddan hagu, sa'an nan tafkin ya tsuke ya zama kogin Rusizi, inda masu dako ke jere da kekunansu a bakin gada suna jiran kaya.